Na sayo kwalin tsofaffin kuɗin Jamus na wucin gadi, wane littafi zan fara saya?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ranar Lahadi na leƙa kasuwar tsofaffin kaya a nan Leipzig, na tarar da wani dattijo da kwalin sigari cike da ƙananan takardun kuɗi da kwandaloli. Ya ce gadon kakansa ne, Notgeld ake ce musu, kuɗin da garuruwa suka riƙa bugawa da kansu lokacin da na gwamnati ya yi ƙaranci. Yuro 25 na ba shi. Da na dawo ɗaki na ƙirga takardu 63 da ƙarafa 19.

Kusan 40 daga cikin takardun ƙanana ne masu launi, Pfennig 25 da 50 da 75 (Pfennig shi ne kwabon Mark, kuɗin Jamus na lokacin), yawancinsu 1921, sababbi fil kamar ba a taɓa riƙe su ba. Wasu kuma sun sha hannu, sun yi dauɗa, 1917 da 1918. Akwai manya guda 5 na 1923 masu miliyoyi, sai guda 2 da aka rubuta Heller a jikinsu. Ƙarafan wasu toka-toka ne masu kusurwa 8, wasu sun yi tsatsa, ɗaya kuma ruwan ƙasa ce kamar yumɓu da hoton takubba biyu a gicciye.

Na nemi littafin da zai nuna mini abin da na riƙe, sai na ga sunaye rututu: Keller, Funck, Grabowski, Lindman, Menzel, Tieste. Kuɗin ɗalibi gare ni, littafi ɗaya ko biyu zan iya saya. Da wanne zan fara?

Alhaji Mai Tsaba:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, barka da shigowa wannan harka. Kafin ka fitar da ko sisi, ka sani babu littafi guda da ya tattara Notgeld gaba ɗaya, domin abin da ke kwalin nan naka ba iri ɗaya ba ne. Zamani daban-daban ne da dalilai daban-daban aka haɗa maka wuri guda.

Da yaƙi ya tashi a 1914, mutane suka ɓoye zinariya da azurfa, sai garuruwa da kamfanoni, musamman na bakin iyaka, suka rubuta takardun biyan albashi. Wannan kashi ɗaya ke nan. Daga 1916 aka kwashe jan ƙarfe da nikel zuwa masana'antar makamai, canji ya ɓace a kasuwa. Ka san yadda mai kanti a gida yake miƙo maka alawa idan ba shi da canji? To su hukumomin gari ne suka buga ƙananan takardu da kwandalolin tutiya da baƙin ƙarfe. Waɗannan su ne naka masu dauɗa da masu tsatsa. Bayan yaƙi, da garuruwa suka lura akwai masu tara su, sai suka koma buga jeri-jeri masu zane don sayarwa kawai, su ne Serienscheine, masu launin nan naka. Dokar 17 ga Yuli 1922 ta hana. Ba a jima ba darajar Mark ta rushe, dole aka sake ba da izini, aka shiga miliyoyi da biliyoyi na 1923, har aka kawo sabon kuɗi, Rentenmark, a Nuwamba na shekarar.

Kowane kashi da kundinsa. Ka shimfiɗa kayan a tebur, ka ware su kashi-kashi, sannan a yi maganar saye. Ni idan ka tambaye ni, ka fara da Funck. Walter Funck ya jera kwandalolin da hukumomi suka fitar, birane da ƙauyuka da gundumomi, bisa haruffan sunan gari, ya fara da Aachen. Duk mai sayarwa a nan Hamburg da lambar Funck yake magana.

Maman Fadila:
Alhaji, ina wuni. Bayaninka ya yi, amma shawarar ƙarshe ban bi ka ba. Yaro yana da ƙarafa 19 da takardu 63, kusan 40 Serienscheine ne, ka ce ya fara da littafin ƙarfe? Abin da ya fi yawa a hannunsa shi zai fara yi wa littafi.

Ɗan Gwammaja, nemi na Hans-Ludwig Grabowski da Manfred Mehl kan Serienscheine na 1918 zuwa 1922. Mujalladi biyu ne, su ne na 1 da na 2 a jerin Deutsches Notgeld da kamfanin Gietl na Regenstauf ya buga. Hotuna masu launi ne, ko Jamusancinka bai nuna ba za ka gane takardarka da ido. Idan ka ga mai sayarwa ya rubuta G/M da lamba, wannan littafin yake nufi. Lambar farko ta gari ce, ta bayan ɗigo ta jerin. Kuma zai gaya maka takarda nawa ne a jeri, ka san ko naka ya cika.

Alhaji Mai Tsaba:
Hajiya, yawa ba shi ne ƙima ba. Serienscheine ba su taɓa sayen burodi ba. Daga maɗaba'a suke wucewa hannun dillali, daga can su shiga albam. Shi ya sa bayan shekara 100 suke nan sababbi, ana sayar da galibinsu Yuro ɗaya ko biyu. Kwandalar tutiyar nan da ta yi fari-fari, wata mata ta ba da ita ta karɓi madara a 1918. Ita ce kuɗi. Ni a kanta nake son yaro ya fara koyo.

Maman Fadila:
Na yarda yawancinsu ba su zaga kasuwa ba, ban taɓa musun wannan ba. Amma Alhaji, ka taɓa zama ka karanta abin da ke jikinsu? Mutanen da suka sha kashi a yaƙi, suna cikin yunwa da bashi, su ne suka zana abin da ke ransu a takarda mai faɗin tafin hannu. Eisenach ta sa Martin Luther, jagoran gyaran coci. Naumburg ta sa labarin yaran da suka fita roƙon mayaƙan mabiya Jan Hus na Bohemia su bar garin, da zanen inuwa baƙi. Wasu sun yi kuka da yarjejeniyar Versailles da aka ɗora wa Jamus bayan yaƙi. Garuruwan Schleswig sun buga nasu kan ƙuri'ar raba gardama ta 1920 game da iyaka da Denmark, wasu da Jamusanci wasu da harshen Denmark. Akwai kuma masu muni, kamar na Sternberg na 1922 da ya zana ƙona Yahudawan garin da aka yi a 1492. Ranar da na fara riƙe shi jikina ya yi sanyi, don shekara 11 kacal ta rage Hitler ya hau mulki. Wanda ya ce wannan ba tarihi ba ne bai duba da kyau ba.

Shekara 9 ke nan ina tara su a nan Bremen, kuma har yau idan na buɗe albam ina ganin abin da ban lura da shi ba a baya.

Bazazzage:
Ku gafarce ni manya, amma me ya sa za a sa ɗalibi kashe Yuro 40 ko 50 kan littafi alhali kayan gaba ɗaya 25 ya saya? Akwai Numista, shafin intanet na masu tara kuɗi, kyauta ne. Ya rubuta sunan gari da shekara, hoto ya fito. Ya ɗauki hoto da waya ma ta nemo masa. Littattafan nan da Jamusanci suke, kuma farashin cikinsu ya tsufa.

Alhaji Mai Tsaba:
Bazazzage, ka buɗe kowane shafin kwandala a Numista ɗin, ka duba layin da aka rubuta madogara. Za ka ga Funck lamba kaza, Menzel lamba kaza. Masu cike shafin daga littafin suka kwafo, kuma sa-kai suke yi, abin da ya zo hannunsu shi suke sawa. Gari guda zai iya buga Pfennig 10 sau huɗu, hoto ɗaya, bambancin a kauri ne, ko a ƙarfen, ko a tazarar harafi da ɗigon bakin kwandala. Ɗaya tana ko'ina, ɗaya da wuya ka gan ta. Waya ba ta ganin wannan.

Ni an taɓa yi mini. Farkon shigata wani dillali ya sayar mini da Pfennig 50 a matsayin nau'in da ba a cika samu ba. Bayan wata uku na sayi Funck, na auna, ashe gama-gari ce. Abin da na yi asara ya fi kuɗin littafin.

Bazazzage:
Wannan gaskiya ne ga wanda zai sayi mai tsada. Shi kuwa ya riga ya saya, sanin sunan kawai yake nema.

Maman Fadila:
A nan ina bayan Bazazzage rabi. Wata biyu na farko intanet ta isa a ware kaya. Kuma Ɗan Gwammaja, kai ɗalibi ne, kana da katin laburaren jami'a. Akwai tsarin da suke kira Fernleihe, laburarenku ya aro maka littafi daga wani gari da kuɗi kaɗan. Leipzig ɗin ma a nan ɗaya daga mazaunin babban laburaren ƙasa yake, za ka iya zama a ciki ka duba. Ka riƙe littafin a hannu tukuna, ka ga ko za ka iya aiki da shi.

Ɗan Gwammaja:
Allah Ya saka. Na ware su kamar yadda Alhaji ya ce. Amma Jamusancina na aji ne da kanti. Babu na Turanci ne?

Malam na Garwa:
Akwai, ina da ɗaya. Na Courtney Coffing, kan Notgeld na duniya daga 1914 zuwa 1947, kamfanin Krause na Amurka, bugu na biyu a 2000. Da shi na fara. Amfaninsa shi ne gabatarwar, da kuma jerin garuruwa da irin abin da kowanne ya fitar, takarda ko ƙarfe ko tangaran. Amma ba zai kai ka ga takardarka ita kanta ba. Zai ce maka garin ya buga, ya tsaya nan. Akwai kuma tsohon na Robert Lamb na 1966 kan kwandalolin garuruwa, Amurkawa suna ambatar lambarsa har yanzu, sai dai a Turai Funck ake bi.

Kada harshen ya tsorata ka. Ni Faransanci na yi karatu da shi, amma kundin Jamusanci kalmomi 30 ne suke ta maimaituwa. Vs. gaba, Rs. baya. o.D. babu kwanan wata. Wz. alamar da ke cikin takarda wadda sai ka ɗaga ta ga haske. KN lambar da aka buga wa kowace takarda. Zink tutiya, Eisen baƙin ƙarfe. Kassenfrisch sabuwa fil, gebraucht ta sha hannu. Ka rubuta su a kati ka saƙala a bangon littafin, mako guda ka haddace.

Alhaji Mai Tsaba:
Malam ya faɗi gaskiya. In ƙara da kalma ɗaya da take kayar da mutane: Billion. A Jamusanci ba biliyan ɗinmu ba ce. Biliyan ɗinmu su Milliarde suke ce mata. Billion tasu tiriliyan ce, 1 da sifili 12. Lardin Westfalen ya buga ƙatuwar kwandala ta Billion 1 mai shekarar 1923, hoton Freiherr vom Stein a gefe ɗaya, doki a ɗayan. A Nuwamba 1923 Dalar Amurka ɗaya ta kai Mark tiriliyan 4.2, kuma tiriliyan ɗaya aka canza da Rentenmark ɗaya. Ka duba manyan takardun nan naka da wannan ido.

Su na 1923 kundinsu na Dakta Arnold Keller ne. Shi ne uban wannan fanni, ya rayu daga 1897 zuwa 1972, tun kuɗin suna yawo yake tara su yana rubutawa, kuma tarinsa yana hannun babban bankin Jamus a Frankfurt. An sake buga aikinsa na 1923 a matsayin mujalladi na 7 da na 8 na jerin da Hajiya ta ambata. Amma kada ka saya saboda takarda 5. Rubutun tafireta ne, layi bayan layi, hoto ba yawa, kuma takardun da aka fitar a shekarar dubun-dubata ne. Ka turo mini hotonsu, in duba maka a nawa.

Malam na Garwa:
Tunda an zo nan, ni ma ina da tambaya, kuma ita ta shigo da ni harkar. Ina koyar da tarihi, garinmu kuma Jamusawa sun riƙe shi har Yuni 1915, Mora ma ba ta miƙa wuya ba sai Fabrairu 1916. Na karanta cewa gwamnatinsu a Kamaru ta fitar da takardun gaggawa a Agusta 1914, na Mark 5 da 50 da 100, da yaƙi ya yanke su daga Jamus. Na duba Coffing ban ƙoshi ba. A wane kundi ake samunsu?

Maman Fadila:
Malam, ba a kundin garuruwa suke ba, don gwamnati ce ta fitar. Nemi kundin takardun kuɗin Jamus tun daga 1871, wanda aka fi sani da Rosenberg, yanzu Grabowski ke kula da shi. Yana da sashen ƙasashen mulkin mallaka. A nan za ka ga na Kamaru, da na Gabashin Afirka da aka riƙa bugawa a daji a 1917. Na ƙarfen kuma suna cikin Jaeger, kundin kwandalolin Jamus tun 1871, har da zinariyar Rupi 15 mai hoton giwa da aka buga a Tabora a 1916.

Akwai wani abu da zai amfane ka a aji, kuma shi da araha yake. A cikin Serienscheine akwai jerin Pfennig 75 na tunawa da ƙasashen da aka ƙwace musu, Deutsch-Hanseatischer Kolonialgedenktag, da Kamaru da Togo a ciki. Ka nuna wa ɗalibanka yadda suke kallon ƙasarku bayan sun rasa ta. Alhaji, ka ga abin da nake faɗa maka ke nan.

Alhaji Mai Tsaba:
Na gani Hajiya, wannan kam na ba ki. Amma har yanzu ba zan kira su kuɗi ba.

Auta:
Ni tambayata gajeriya ce. Wanne littafi ne ke ba da farashin gaskiya? In mutum ya samu irin kwalin nan ya san nawa zai sayar.

Maman Fadila:
Babu. Farashin kundi na ranar da aka buga shi ne, kuma na dillali ne mai shago. Amfaninsa ka gane wace ta fi wace wuyar samu: in an sa wa ɗaya Yuro 2, ɗaya 80, ka san ta biyun sai an tona. Abin da za a ba ka a hannu kuwa, ka duba abin da aka riga aka sayar a gwanjo cikin watannin nan, ba abin da ake nema ba. Shi ya sa tsohon bugu na hannu ba laifi ba ne ga mai farawa. Abu ɗaya za ka kula da shi: ka rubuta bugun da ka yi amfani da shi kusa da lambar, don wani lokaci ana ƙara nau'o'i a sabon bugu.

Ɗan Gwammaja:
Na bi ƙarafan da maganaɗisu, 7 sun manne, sauran ba su manne ba. Amma guda 4 babu sunan hukumar gari. Ɗaya sunan masana'anta ne, ɗaya alminiyom mai kusurwa 8 an rubuta Nürnberg-Fürther Strassenbahn, biyu kuma ba suna sam, Kleingeldersatzmarke (wato madadin canji) kawai da lamba 10. Funck zai ɗauke su? Lindman da Tieste fa, ba wanda ya yi maganarsu.

Alhaji Mai Tsaba:
Waɗanda suka manne baƙin ƙarfe ne. Ka raba su da danshi, kada ka kankare, kada kuma ka sa su a robar nan mai laushi mai wari, tana cin ƙarfe.

Guda 4 ɗin sun fita daga gonar Funck, shi na hukuma yake bi. Na 'yan kasuwa da masana'antu akwai kundin Wolfgang Hasselmann. Wanda ya fi kowa faɗi kuma Peter Menzel ne: ya haɗa na hukuma da na kamfanoni da duk wani ƙarfe da ya taɓa tsayawa a madadin kuɗi tun daga 1840, na mashaya, na mitar gas, na kantin ma'aikata, na jirgin cikin gari. Ta alminiyom ɗinka ta jirgin cikin gari ce, Pfennig 20, kuma jeri ne mai zane sama da 40 na gine-gine da mashahuran Nürnberg, akwai masu tara shi kaɗai. Menzel teku ne, bayaninsa gajere, ba littafin fara koyo ba ne. Marasa sunan kuwa, masana'antun buga ƙarfe sun riƙa yin su da yawa suna sayar wa duk mai so, da wuya a gano wanda ya yi amfani da su.

Mai ruwan ƙasa da takubba biyu ta Meissen ce, takubban tambarin masana'antar tangaran ɗin garin ne. Idan an rubuta Sachsen 1921, ta jihar ce, kana iya ganinta a Jaeger. Kundin tangaran na musamman na Karl Scheuch ne. Ka naɗe ta ita kaɗai, bakinta na saurin ɓarewa.

Maman Fadila:
Lindman shi ma Serienscheine ya yi, kuma ya fi zurfafawa a ƙananan bambance-bambance, ya haɗa har da takardun karɓar gudummawa masu kama da kuɗi. Ina da duka biyun. Idan ina neman takarda G/M nake buɗewa, idan ina gardama da wani kan nau'i sai in ɗauko Lindman. Kai ba ka kai nan ba tukuna.

Masu dauɗar nan na 1917 da 1918, idan hukumar gari ce ta fitar, suna mujalladi na 5 da na 6 na Grabowski. Reinhard Tieste, ɗan nan Bremen, ya haɗa na hukuma da na 'yan kasuwa, shi ya sa nasa ya fi kauri. Masu Heller kuma ba na Jamus ba ne, na Ostiriya ne, galibi 1920, kundinsu na Jaksch da Pick ne. Ware su gefe.

Wani abin kuma: kundin yana bin sunan gari na wancan zamani. Breslau za ka nema, ba Wrocław ba. Danzig, ba Gdańsk ba.

Bazazzage:
To kun ga, daga littafi ɗaya an kai goma. Ɗan Gwammaja, ni dai ka fara da aro.

Ɗan Gwammaja:
Haka na yi, Yaya. Na cike takardar Fernleihe ta Funck yau da safe, sun ce mako biyu. G/M kuma na samu na hannu, mujalladin biyu, na biya, don su ne zan riƙa buɗewa kullum. Alhaji, ka yi haƙuri, Hajiya ta rinjaye ka a wannan karon, amma zan turo maka hoton na 1923 bayan Isha'i.

Saura abu ɗaya. Takardu 4 an rubuta Neustadt, na duba taswira na ga garuruwa masu wannan suna sun fi goma.

Maman Fadila:
Duba ƙananan haruffan da ke bin sunan, ko hatimin da ke ƙasa. Akwai ta Holstein, akwai ta kusa da Coburg, akwai ta Mecklenburg, akwai wadda a da ake ce wa an der Haardt. Me aka rubuta a naka?

Ɗan Gwammaja:
An rubuta "a. d. Orla".

Maman Fadila:
Ta Thüringen ce, Orla sunan kogin da ya ratsa ta ne, ba ta da nisa sosai da kai. Tana mujalladi na biyu. In ya iso ka ƙirga jerin, ka faɗa mini wadda ta rage, in duba cikin nawa masu maimai.